Rijiyar da Ba a Gwada Ba

Akwai masu cewa masifar ruwan Bangaladesh ba laifin kowa ba ce, wai ƙasa ce ta yi halinta. Maganar tana da daɗi a kunnen waɗanda suka sa hannu a takardun haƙa rijiyoyi, amma rabin gaskiya ce kawai.

Tun daga shekarun 1970 gwamnatin ƙasar da hukumar UNICEF suka duƙufa ga haƙa rijiyoyin burtsatse, domin ruwan tafki yana kashe yara da kwalara da gudawa. Niyyar kirki ce, ba wanda zai musa. Mutane suka ga ruwa garau, su ma suka haƙa nasu har miliyoyi. Ashe a cikin ruwan nan akwai dafin arsenik, wanda ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano.

Gaskiya ne ba mutum ne ya zuba shi ba. Kogunan Ganga da Barahmaputra sun yi dubban shekaru suna kwaso laka daga duwatsun Himalaya, arsenik yana manne da tsatsar ƙarfen da ta lulluɓe ƙwayoyin yashi. Muddin tsatsar tana nan, dafin a ɗaure yake. Amma lakar ta binnu tare da ruɓaɓɓun tsire-tsire. Ƙwayoyin bakteriya masu cin ruɓar suka ƙarar da iskar oksijin da ke wurin, sa'an nan suka koma kan tsatsar suka narkar da ita, dafin ya kwance ya shiga ruwa. Shi ya sa rijiyoyi marasa zurfi suka fi haɗari, waɗanda suka wuce mita 150 kuwa yawancinsu lafiya lau.

To, aikin ƙasa ke nan. Na mutum fa? A 1983 likitoci a Kalkata, can ƙetaren iyaka a Indiya, sun riga sun gane masu tabon fata da kaushin tafin hannu saboda ruwan rijiya. Laka ɗaya ce, koguna ɗaya. Duk da haka sai a 1993 aka tabbatar da dafin a Bangaladesh. Shekara goma! A 1992 ma masanan ƙasa na Birtaniya sun auna ruwan ƙasar, ba su nemi arsenik ba. Wani mai fama da cutar ya kai ƙara, a 2006 manyan alƙalan Birtaniya suka kore ta. Shari'a ta wanke su, tabon hannunsa bai wanku ba.

A 2000 mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 35 zuwa 77 suna cikin haɗari. Ciwon yana zuwa a hankali: fata tukuna, bayan shekaru sankarar huhu ko ta mafitsara.

Daga baya aka bi ƙauyuka da fenti, ja ga famfo mai dafi, kore ga mai lafiya. Sai dai ma'aunin ƙasar mikirogiram 50 ne a lita, na Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa 10, don haka wani koren ma ba kore ba ne. Kuma a 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto cewa mutum kusan miliyan 20 suna shan dafin har lokacin, rijiyoyi masu zurfi da gwamnati ta haƙa kuwa, 'yan siyasa sun karkatar da wasunsu zuwa ƙofar magoya bayansu.