Waiwaye: Ruwan da Faraday ya sa rawa

Ana tuna Michael Faraday da 1831 saboda a shekarar ce ya gano yadda maganaɗisu ke haifar da lantarki. To amma a wannan shekarar dai, a Landan, ya ɗau lokaci yana wani aiki da mai wucewa zai ce wasan yara ne. Yakan zuba ruwa, ko madara, ko tawada, har da farin ƙwai, a kan farantin gilashi, ya sa farantin karkarwa, ya zuba ido.

Duk wanda ya taɓa ajiye kwanon ruwa a kan janareta mai aiki ya ga abin. Fuskar ruwan kan yamutse, ƙananan tuddai su jeru reras, suna tashi suna faɗawa a inda suke, ba sa gaba ba sa baya. Abin da ke mayar da su ƙasa, idan ƙanana ne sosai, shi ne tamkewar saman ruwa, wadda ke ba ƙwaro damar tafiya a kai bai nutse ba. Kuma sai girgizar ta kai wani ƙarfi suke bayyana, don kaurin ruwan na cinye mai rauni.

Faraday, wanda ya tashi yaron shagon ɗinkin littattafai, lissafinsa bai taka kara ya karya ba. Sai dai ya lura da abin da ba a zata ba: farantin zai yi sama da ƙasa sau biyu kafin ruwan ya yi sau ɗaya. Kamar yaro ne tsaye a kan lilo, yana durƙusawa sau biyu kafin lilon ya je ya dawo.

Wani Bajamushe, Ludwig Matthiessen, ya musa, ya ce tafiyar farantin da ruwan ɗaya ce. Sai a 1883 Lord Rayleigh ya sake gwajin ya ba Faraday gaskiya, cikakken lissafin kuwa ya jira wasu masana biyu, Benjamin da Ursell, har 1954. Ni abin da nake so ɗalibanmu masu haddace ƙa'idoji su duba ke nan: shekara fiye da ɗari ido na gaba, alƙalami na binsa.

Yau wasu na'urorin shaƙar maganin asma da wannan rawa suke aiki. Ana girgiza maganin sama da sau miliyan a daƙiƙa, har kawunan tuddan su tsinke su zama feshin da ke isa huhu.