Bashin karatu da albashin malami: lissafin Amurka ya iso maƙwabta

A ranar 5 ga watan Mayun 2025 ma'aikatar ilimi ta Amurka ta koma bin bashin karatu a hannun waɗanda suka daina biya, bayan hutun shekara biyar da annobar korona ta jawo. Mutum fiye da miliyan 40 ne gwamnatin ƙasar ke bi, kuɗin kuma ya haura dala biliyan 1.600, dalar Amurka, ba dalar kasuwar Maradi ba. Akwai malaman makaranta da yawa a cikinsu, kuma lissafinsu ya bambanta da na sauran.

Rancen karatu ya ginu ne kan zato guda: takardar da za ka samu za ta ɗaga albashinka har ka biya ba tare da ka ji a jikinka ba. Ga injiniya ko likita, kasuwa ce ke yanke farashi. Malami kuwa hukuma ce ke yanke masa albashi, bisa jadawalin da kowa zai iya karantawa tun kafin ya shiga jami'a. Ba ya iya fatan wata riba ta bazata.

A shekarar karatu ta 2022-2023, sabon malami a Amurka na farawa da kimanin dala 44.500 a shekara, bisa alƙaluman ƙungiyar malamai ta NEA, wato dala 3.700 a wata kafin haraji. A ɗauka ya fito da bashin dala 30.000, wanda shi ne kusan abin da mai digirin farko ke fitowa da shi, da kuɗin ruwa kashi 6,5 cikin ɗari. Zai riƙa biyan dala 340 kowane wata har shekara goma, a ƙarshe ya zuba kusan 41.000. Ana iya ɗauka. Amma a jiha irin New York dole ne ya ƙara digiri na biyu cikin shekara biyar, wani sabon bashin ke nan. Cibiyar bincike ta EPI kuma ta nuna cewa a 2023 albashin malami ya gaza na sauran masu digiri da fiye da kashi 26 cikin ɗari, alhali a 1996 tazarar kashi 6 ce kawai. Fansho da inshorar lafiya suna rage giɓin, ba su toshe shi.

Hukumomi sun san da haka, sai dai maimakon su taɓa albashi, sun zaɓi yafe bashi bisa sharaɗi. Dokar 2007 ta ce wanda ya yi wa gwamnati aiki ya kuma biya sau 120 za a yafe masa ragowar. Da lokaci ya yi, daga ƙarshen 2017, kusan kashi 99 cikin ɗari na takardun farko aka ƙi, galibi don mutum bai cikin tsarin biyan da ya dace ko nau'in rancensa ba shi ne ba. Sai a zamanin Joe Biden aka sassauta, mutum fiye da miliyan ɗaya suka amfana. Akwai kuma tallafin TEACH, har dala 4.000 a shekara ga ɗalibin da ya yi alƙawarin koyarwa shekara huɗu a makarantar talakawa. In ya kasa cikawa, kyautar ta koma bashi da ruwansa tun daga ranar farko. Dubban malamai sun faɗa wannan ramin saboda takarda guda da ba ta isa kan lokaci ba, suna cikin aji suna koyarwa.

Abin da ya sa zancen ya shafe mu shi ne ya tsallako Najeriya. A watan Afrilun 2024 shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar rancen ɗalibai, asusun NELFUND kuma ya haɗa da kwalejojin horar da malamai. Tsarin ya fi na Amurka sauƙi: babu kuɗin ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Wanda ya ci naira miliyan ɗaya yana karɓar 100.000 a wata zai kwashe fiye da shekara takwas yana biya, kuma faɗuwar darajar naira ita ce za ta rage masa nauyin. A ganina matsalar na wajen albashin kansa. Ba a cire kashi goma daga abin da bai zo ba, kuma a 2025 malaman firamare na Abuja sun yi yajin aiki fiye da wata uku don a biya su mafi ƙarancin albashi na naira 70.000.

A Nijar ɗalibi bursu yake jira daga hukumar ANAB, ba rance ba, don haka ba ya fita da takardar bashi. Wannan bai sa karatun ya zama kyauta ba. Iyaye ne ke sayar da hatsi ko dabba don haya da abinci a Zinder ko Tahoua, wanda ya gama kuma galibi kwantaragi ke jiransa, da alawus ɗin da ya daɗe tsakanin jika 75 da jika 100, wanda shi ma yakan makara. Uban da ke shawarar tura ɗiyarsa makarantar horon malamai yana iya sanin kuɗin da zai kashe. Abin da babu mai iya gaya masa shi ne shekara nawa za ta yi kafin ta samu matirikil.