Ɗaliban Likitanci Da Ceton Rai: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A ranar 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana tsakiyar wasan Nijeriya da Angola, bai sake tashi ba. A watan Yuni na 2021 kuma, Christian Eriksen na Denmak ya faɗi haka a Kofenhegen, zuciyarsa ta tsaya, amma nan take aka hau danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya da lantarki, ya rayu har ya koma buga ƙwallo. Ajali na Allah ne, babu ja. Sai dai riƙo da sababi wajibi ne a kan bayi, sababin kuwa a irin wannan hali shi ne hannun da ya san abin yi a mintunan farko.

Idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Babu motar asibitin da za ta ratsa cunkoson Kano ko Kaduna ta iso cikin wannan lokaci, ballantana ƙauyen da babu motar ma. Saboda haka wanda ke tsaye a wurin shi ne likitan farko. A unguwa kuwa, tun ranar da yaro ya shiga ajin farko na likitanci ake ce masa "likita", kuma shi za a ruga a kira idan wani ya faɗi.

Abin takaicin shi ne, binciken da aka sha yi a Nijeriya da Indiya da Fakistan da Saudiyya ya yi ta nuna cewa da yawa daga cikin ɗaliban likitanci da na haƙora ba su ƙware a wannan aiki ba. Ɗalibi ya haddace sunayen jijiyoyi da ƙasusuwa, ya shafe shekara 6 yana cin jarrabawa, amma a ajiye masa mutum ba ya numfashi sai hannunsa ya kama rawa. Ina amfanin haddar da ba ta sauko hannu ba?

Alhali aikin ba boyayye ba ne. A jijjiga wanda ya faɗi a kira shi. In bai amsa ba, kuma ba ya numfashi sosai, a sa wani ya nemo agaji, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Bayan dannawa 30, wanda ya koya ya hura masa numfashi sau 2. Wanda bai koya ba ya ci gaba da dannawa kawai. Yayyafa ruwa da fifita da taruwa a kansa, duk ɓata lokaci ne. Tun 1960 likitocin Johns Hopkins a Amurka suka bayyana wa duniya wannan hanya, kuma ba ta buƙatar wutar lantarki ko kuɗi.

Ɗalibin haƙora kada ya ce ba ruwansa. A kan kujerarsa mutum kan suma saboda tsoro, mai ciwon suga sugansa kan faɗi, wani kuma jikinsa ya ƙi magani maƙogwaro ya kumbura, wanda maganinsa allurar adirenalin ce a cinya ba tare da jinkiri ba. A wannan lokaci babu wani likita a ɗakin sai shi.

Wasu za su ce ai ɗalibi zai koya idan ya fara aikin asibiti. To, a kan wa zai koya? A kan uban wani? Ƙirjin mutum-mutumin roba shi ne wurin yin kuskure. Kuma an tabbatar cewa wannan ƙwarewa kan dusashe cikin 'yan watanni idan ba a maimaita ta, don haka lacca ɗaya a aji ba ta wadatar ba. Denmak ta wajabta koyon wannan aiki a makarantu tun 2005, da kuma masu neman lasisin tuƙi tun 2006, kuma tsakanin 2001 da 2010 masu tsira daga tsayawar zuciya a wajen asibiti sun ninka kusan sau uku a ƙasar.

Don haka ya zama dole Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙora ta Nijeriya da shugabannin makarantu su tsaya kai da fata: kada ɗalibi ya taka ɗakin majinyata sai an gan shi ya yi aikin da hannunsa, kuma a maimaita gwajin kowace shekara.

Su kuma 'yan'uwa ɗalibai bai kamata su zauna jiran mahukunta ba. Su haɗa kai su nemi malami da mutum-mutumi, ko su tuntuɓi ƙungiyar Red Cross. In sun iya, su koma unguwanni su koyar da matasa, musamman 'yan agaji da direbobi da masu wasan ƙwallo. Wanda zai faɗi gobe yana iya zama mahaifin ɗalibin ne da kansa.

Allah Ya ba da ikon gyarawa.