Jami'o'inmu da Kududdufan Kuza

Haƙar kuza ta bar mana kududdufai birjik daga Bukuru har Barikin Ladi. Da ruwansu manomanmu suke noman rani, kabeji da karas ɗin kuwa mu ne muke saye a kasuwar Farin Gada. To, wa zai gaya mana ko ruwan nan lafiyayye ne?

An kafa Jami'ar Jos a 1975, ta Jihar Filato da ke Bokkos a 2005. Muna roƙonsu su haɗa malamai da kayan awo, su bi kududdufan ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma sakamakon ya kwanta a ɗakin karatu cikin Turanci. A gaya wa manomi da Hausa da Birom ruwan da zai ba shukarsa, da wanda zai guje wa.