Yabo Ba Ya Ciyar Da Mai Zane

Duk wanda ya juya takardar Naira 20 zai ga hoton wata mata tana ginin tukunya. Sunanta Ladi Kwali, kuma tarihinta ya isa ya zama darasi ga duk mai son ci gaban fasaha a ƙasar nan. Tun kafin sunanta ya ƙetare teku, Sarkin Abuja na wancan zamani, Alhaji Sulaimanu Barau, ya mallaki tukwanenta da dama, ya jera su a fadarsa, a garin da yanzu ake kira Suleja. A can ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su a 1950. Bayan da ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a garin, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Daga nan wani gidan nuna kayan fasaha mai zaman kansa a London, mai suna Berkeley Galleries, ya baje tukwanenta ga masu saye a 1958 da 1959 da kuma 1962. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, shekara bakwai kafin rasuwarta.

Abin lura a nan shi ne, baiwar da Allah Ya yi wa wannan baiwar Allah ta fito fili ne saboda an sami mutane iri biyu: wanda ya ga aikinta ya mallaka, da wanda ya tanadi wurin nuna shi ga jama'a. A yau wannan aiki na biyu ya rataya a wuyan gidajen zane masu zaman kansu, watau waɗanda ake kira galari, inda ake baje ayyukan masu zane da masassaƙa na wannan zamani, ana kuma sayar da su. Aiki na farko kuwa, watau saye, ya rage ga jama'a. To, a nan ne ma'aikata da ɗalibai, musamman na Arewa, suka yi sake, domin mafi yawansu sukan wuce ƙofar irin waɗannan gidaje ba tare da sun leƙa ba, suna zaton wuri ne na Turawa da manyan attajirai.

Ya kamata a bambanta gidan zane da gidan tarihi. Gidan Makama na Kano da gidan tarihi na Jos wurare ne na gwamnati, inda ake adana kayan da, ana kallo amma ba a sayarwa. Gidan zane kuwa mallakar wani mutum ne ko kamfani, kayan da ke ciki na masu zane ne waɗanda galibinsu suna raye, kuma kusan komai da ke rataye a bango yana da farashi. Wanda ya san kasuwar shanu ko ta goro ba zai sha wuyar gane tsarin ba, gama aikin mai gidan zane ya yi kama da na fatoma da dillali a haɗe. Shi ke saukar da kaya, shi ke tsaron su, shi ke neman mai saye, shi ne kuma ke tsaya wa kowane ɓangare a kan gaskiyar ciniki. In an sayar, sai ya cire la'adarsa, wadda a wannan sana'a takan kama daga kashi 30 zuwa kashi 50 cikin 100, sauran ya miƙa wa mai aikin.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne gidan zane na Nike da ke unguwar Lekki a Ikko. Mai shi, Nike Davies-Okundaye, haifaffiyar Ogidi ce a Jihar Kogi, kuma da rinin adire ta fara. Ta buɗe cibiyar koyar da sana'a a Osogbo a 1983, sa'an nan ta buɗe ginin Ikko mai hawa biyar a 2009, wanda ke ɗauke da dubban ayyuka na masu zane daga sassa daban-daban na Nijeriya. Tana da reshe a Abuja, birnin da har wa yau yake da wani gidan mai suna Thought Pyramid. Tun daga 2016 kuma ake gudanar da babbar kasuwar shekara-shekara mai suna Art X a Ikko, inda gidajen zane na Afirka ke haɗuwa da masu saye daga ƙasashen duniya. Shiga mafi yawan gidajen nan kyauta ne, ba a tambayar kowa ko nawa ne a aljihunsa.

Abin takaici shi ne, wannan kasuwa ta yi ƙarfi ne nesa da inda aka raini sana'ar. A Zariya ne, a 1958, wasu ɗaliban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane wadda ta sauya alƙiblar fasahar Nijeriya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Manufarsu ita ce a ɗauki dabarun da malamai Turawa ke koyarwa a haɗa su da adon gargajiya na ƙasa, a daina kwaikwayon Turai ido rufe. Da suka kammala karatu, sai Okeke ya ƙare a Nsukka, Nwoko a Ibadan, Grillo da Onobrakpeya a Ikko. Sashen koyar da zane na Zariya bai daina yaye ɗalibai ba, ya kuma sami manyan malamai irin su marigayi Gani Odutokun da Farfesa Jerry Buhari. Amma yaron da ya fito daga can da gwaninta a hannunsa, in ya duba Kaduna da Kano da Sakkwato bai ga mai saye ba, dole ya nufi Kudu, ko kuwa ya koma rubuta allunan shaguna da zanen bayan manyan motoci don neman abin sawa a baka.

Wani zai ce wannan aikin gwamnati ne. Lalle gwamnati tana da nata nauyin, don haka ma ta kafa hukumar kula da zane-zanen zamani ta ƙasa a 1993. Sai dai babu gwamnatin da za ta iya sayen aikin kowane mai zane, kuma sana'ar da ta dogara ga kasafin kuɗin ma'aikata ɗaya ba ta da tabbas. Abin da ya raya marinar Ƙofar Mata da dukancin Kano da ɗinkin aska takwas shekaru aru-aru shi ne talaka da basarake da ke fitar da kuɗinsu suna saye. Zanen zamani ma ba shi da wata hanyar da ta wuce wannan.

Uzurin da aka fi ji shi ne tsada. Labarin da ya tsorata mutane shi ne na zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu, wanda aka yi gwanjonsa a London a watan Fabrairu na 2018 a kan fam miliyan 1.2. Amma auna kasuwar zane da wannan tamkar auna kasuwar dawaki ne da dokin sarki. A gidan da ake rataye babban zane na fentin mai, a nan kuma ake samun ƙananan ayyuka a kan takarda, na gawayi ko tawada ko fentin ruwa, da na matasan da ba su yi suna ba tukuna. Akwai kuma zanen da ake bugawa daga allo guda a adadi ƙayyadadde, inda mai aikin ke sa hannu a kowane ɗaya ya rubuta lamba, misali 7/50, ma'ana na bakwai cikin hamsin. Irin wannan ya fi sauƙin kuɗi nesa, kuma aiki ne na ainihi. Gidaje da yawa sukan yarda a biya kaɗan-kaɗan in an nemi haka. Ma'aikacin da ke iya zuba adashi don sayen kujeru da labule ba zai kasa yin haka don zane guda a shekara ba. Ɗalibi kuwa yana da bajen kolin ƙarshen shekara na sashen zane a makarantarsa, inda aikin abokin karatunsa ba zai fi kuɗin takalmi ba.

Uzuri na biyu ya shafi addini, kuma ba abin wasa ba ne. Musulmi da yawa suna ƙyamar rataya surar abu mai rai a ɗakinsu, malamai kuma sun yi bayani a kan haka, kowa yana da damar bin abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Amma wanda ya shiga gidan zane zai tarar cewa babban kaso na abin da ke ciki ba sura ba ce. Akwai zanen gine-gine da ganuwa da daji da kogi, akwai wanda launi ne da layi zalla, akwai rubutun Larabci da aka ƙawata. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Zayyanar da alarammomi ke yi wa allo da Alƙur'ani, da adon bangon gidajen Zariya da Kano da Damagaram, da dagin da ke jikin riga da sirdi, duk fasaha ce ta layi da launi wadda ta girmi kowace makarantar boko. Idan masu saye suka yawaita suna neman irin wannan, masu zane za su yawaita yin sa.

Akwai kuma masu cewa me zai sa a biya la'ada mai yawa haka, alhali ana iya zagayawa a sami mai zanen a gidansa. Inda babu gidan zane, saye daga hannun mai aiki daidai ne, abin yabo ne ma. Amma mutum ya ga aiki a bangon wani, wanda ya biya haya da wuta da ma'aikata ya kuma buga takardun gayyata, sa'an nan ya zagaya ta baya don ya hana shi haƙƙinsa, wannan cin amana ne da kowane ɗan kasuwa ya san sunansa. Bugu da ƙari, mai zanen ne ke asara a ƙarshe, domin gidan da aka zagaye ba zai sake karɓar kayansa ba.

To, yaya ake shiga, yaya kuma ake saye? Da fari dai, a shiga a yi sallama, a zagaya a hankali, kada a taɓa aiki da hannu, kada kuma a ɗauki hoto sai da izini. Tambaya ba abin kunya ba ce: wane ne ya yi wannan, a ina ya yi karatu, da me aka yi shi, a wace shekara, nawa ne kuɗinsa. In an ga ɗan jan ɗigo manne kusa da aiki, alama ce an riga an sayar. Ba dole ne a saya a zuwan farko ba. Ido ma yana bukatar koyo, kuma wanda ya je sau uku ko huɗu zai fara rarrabe aikin da aka yi da tunani da wanda aka yi don a burge matafiyi. Ana iya neman ragi cikin ladabi, amma tayin wulaƙanci irin na kasuwar gwanjo ba shi da muhalli a nan.

In ciniki ya faɗa, kada a fita sai da rasit da kuma takardar shaida mai ɗauke da sunan mai aikin, da sunan aikin, da shekara, da girmansa, da abin da aka yi shi da shi, tare da sa hannu. Jabun ayyukan manyan masu zane suna yawo, kuma wannan takarda ita ce garkuwar mai saye da magadansa. Wanda zai fita da aikin ƙasar waje, sai ya nemi takardar izini daga hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ke tabbatar wa jami'an kwastan cewa ba kayan tarihi ba ne. A gida kuma a nisanta shi daga hasken rana kai tsaye da bango mai danshi, a sa wa na takarda gilashi saboda ƙurar hunturu.

Gargaɗi ɗaya ya zama wajibi. Kada wani ya kwashe kuɗin sallamarsa daga aiki ya zuba a zane da fatan zai tashi da miliyoyi. Mafi yawan ayyuka ba sa yin irin tashin Tutu, kuma sayar da zane a karo na biyu ba shi da sauƙi kamar sayar da fili. Shi kansa Enwonwu ya rasu a 1994, shekara 24 kafin wancan gwanjo. Kuɗin da ke amfanar mai zane shi ne wanda ya shiga hannunsa yana raye, lokacin da yake neman na fenti da na haya. Saboda haka mutum ya sayi abin da zai so ya riƙa gani kullum, wanda kuma aljihunsa zai iya ɗauka.

Su ma masu gidajen zane akwai gyara a gabansu. Ya kamata su rubuta farashi a fili don kada baƙo ya ji nauyin tambaya, su karɓi mai yadi da silifa kamar yadda suke karɓar mai kwat, su gayyaci makarantu, su kuma biya masu zane haƙƙinsu da zarar an sayar, ba tare da jan rai ba. Attajiran Kano da Kaduna da Katsina, waɗanda suka gina manyan kantuna da otal-otal, lokaci ya yi da wasunsu za su ware ɗaki ɗaya mai haske su ba matasan Zariya wurin rataya aikinsu. Manyan sakatarori da shugabannin makarantu kuma, duk lokacin da za a ƙawata sabon ofis ko a ba baƙo kyauta, su tuna akwai aikin ɗan ƙasa, maimakon hotunan da injin ya buga dubbai a ƙasashen waje.

Ƙasar da ke alfahari da masu fasaharta a bakin magana, alhali ba ta sayen aikinsu, za ta wayi gari jikokinta suna neman biza don su je su kalli abin da aka zana a garinsu. Maganin haka yana hannun mai albashi da mai alawus, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Allah Ya sa a gane, Ya kuma yi wa sana'ar hannu albarka.