Turmin ƙarshe da maganin kemis

A kakar rake ta bara na je Hunkuyi gaishe da yayata, sai na tarar da ɗanta na fari, ɗalibi mai shekara 21, kwance a zaure ya ɗaure haɓa da rawani. Kwana huɗu rabonsa da tuwo, sai kunu da cokali, domin bakin ba ya buɗuwa fiye da faɗin yatsa guda. Na ce, "Wai haƙori ne ya mai da kai haka?" Ya gyaɗa kai, ya nuna can ƙuryar muƙamuƙinsa na ƙasa.

Baligi yana da haƙora 32. Huɗun ƙarshe su ne turamen da ke fitowa a makare, galibi tsakanin shekara 17 da 25, shi ya sa Turawa ke kiransu haƙoran hikima. Sau da yawa kafin su iso sauran haƙora sun cinye wuri, sai turmin ya karkace ko ya tsaya rabi a waje, rabi a binne, dasashi ya lulluɓe shi kamar murfi. Ƙarƙashin murfin nan akwai ɗan aljihu da asuwaki ba ya kai wa, buroshi ma da ƙyar. Nan guntun abinci ke maƙalewa, ƙwayoyin cuta su samu masauki. Wanda ya tashi a Maƙarfi ko Kudan ya san yadda zaren rake ke shiga tsakanin haƙora, to ina ga rami irin wannan? Dasashi ya kumbura, turmin sama ya riƙa dannarsa a duk tauna, kumburin ya ƙaru, mugunya ta taru, baki ya soma wari.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan ne karo na uku. Duk lokacin da ciwon ya motsa sai ya je wani kemis a ƙirga masa kafso na kwana biyu, ya lafa, ya manta. Wata rana har asfirin ya danna a kan dasashin, ya ƙone wurin fari fat. Ban ga laifinsa sosai ba, tun daga Ikara har Kudan kemis ya fi likitan haƙori kusa da kowa, ya kuma fi sauƙin kuɗi. Sai dai kafso ba ya share aljihun da dattin ke ciki.

Idan ciwon bai yi nisa ba, aikin farko wanki ne. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, a kurkure wurin sau da dama a yini, musamman bayan cin abinci, a goge shi a hankali ko da yana zafi, a sha farasitamol. A asibiti kuwa ana ɗura ruwan magani da sirinji a ƙarƙashin murfin a fitar da abin da ya taru. Kanumfari yana rage zogi, iyakarsa ke nan. Maganin kashe ƙwayoyin cuta sai ciwon ya fara yaɗuwa ake buƙatarsa, likita ne kuma zai rubuta shi.

Zazzaɓi, kumburin fuska, kasa buɗe baki, wahalar haɗiyar yawu: wanda ya ga waɗannan kada ya jira gari ya waye. Cutar tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya har ta toshe numfashi, yanayin da wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana tun 1836, har yau kuma yana kisa.

Ba kowane karkataccen turmi ake cirewa ba. Tun shekarar 2000 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a bar wanda ba ya damun mai shi, amma wanda ciwonsa ke maimaituwa a fitar da shi. Da wannan hujja na shawo kan yayata, wadda ta ji an ce cire haƙori yana taɓa ido. Washegari muka kama hanyar Zariya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Aka wanke wurin, aka ɗauki hoton muƙamuƙi, aka ba shi magani, da kumburin ya sauka aka cire turmin. Ranar da na koma duba shi na same shi a ƙofar gida yana fere rake.