Baki Shi Ke Yanka Wuya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan zambon mawaƙa ne, musamman 'yan gambarar zamani, watau masu waƙar hip-hop, waɗanda muryoyinsu ke tashi daga wayoyin samarinmu a kasuwar Shagari da tashar Boɗinga.

Wannan salon waƙa ya tsiro ne a unguwannin baƙar fata na birnin New York a shekarun 1970, kuma tun farkonsa akwai al'adar mawaƙi ya yi wa abokin hamayyarsa zambo. Mu ɗauki Tupac Shakur, wanda aka haifa a 1971. Ya fara da waƙoƙi a kan talauci da zaluncin da ake yi wa baƙar fata, har ya yi wa mahaifiyarsa waƙar godiya. A Nuwamba 1994 aka harbe shi a New York, bai mutu ba, sai ya zargi tsohon abokinsa Christopher Wallace da sanin makircin. A 1996 ya saki waƙar "Hit 'Em Up", inda ya ci mutuncin Wallace har da iyalinsa. A Satumba na shekarar aka harbe Tupac a Las Vegas, ya mutu yana da shekara 25. Bayan wata shida, a Maris 1997, aka kashe Wallace a Los Angeles yana da shekara 24. Duk faifan da gabar ta sayar, samarin biyu kabari suka tafi.

To, kada mu ɗauka abin na Amurka ne kaɗai. Makaɗan fada na ƙasar nan, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, sukan saka zambo da habaici ga masu ja da ubangidansu. A yau kuwa, lokacin zaɓe da wajen biki, attajiri ko ma'aikaci yakan ba mawaƙi kuɗi don ya muzanta abokin takararsa. Nan ne maganar ta shafe mu, domin mawaƙi ba ya zagi kyauta. Wanda ya biya, da wanda ya yi liƙi, da wanda ya tura waƙar ga abokansa ta waya, duk suna da rabo a cikin alhakin.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Aya ta 11 da ta 12 na Suratul Hujurati sun hana izgili, da jifan juna da miyagun laƙabi, da bin diddigin asirin mutane, da giba. Ƙarshen Suratush Shu'ara'i ya zargi mawaƙa, sa'an nan ya keɓe waɗanda suka yi imani suka aikata ayyuka na ƙwarai. Hassanu ɗan Sabitu ya yi waƙa a gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, yana kare addini. Ashe ke nan abin dubawa shi ne abin da waƙa ta ƙunsa.

Mu mutanen wannan yanki muna da abin koyi a gida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga, da waƙa ya karantar ya kuma yi wa shugabanni gargaɗi. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, yana malamin makaranta, ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948 don yara su san ƙasarsu. Ko a Amurka, Mutah Beale, ɗaya daga cikin yaran Tupac, ya bar gambara ya rungumi karatun addini.

Saboda haka, idan ɗanka yana da baiwar tsara baiti, ka nuna masa inda zai kai ta. Idan kuma mawaƙi ya zo rumfarka ko ofishinka da tayin zambo, ka sallame shi da nasiha, ka riƙe kuɗinka. Allah Ya tsare harsunanmu, Ya sa mu dace. Amin.